Jinin Auta

Shagon ɗinkin Yaya ɗaki ɗaya ne a ƙasan wani tsohon bene, tsakanin mai gyaran takalma da mai sayar da ƙwan fitila. Keke biyu ne a ciki, na ƙafa da na lantarki, sai dogon teburin yanka da almakashi ya cinye wa baki, sai madubi mai tsaga a kusurwa. Ta fi shekara talatin a wurin. Kowa Yaya yake ce mata, har waɗanda suka girme ta, don ita ce babba a ɗakinsu, kuma a bakin ƙannenta unguwa ta ji sunan. Mace ce mai faɗa, ba ta iya ajiye magana a ciki. Idan ta kalle ka sau ɗaya ta riga ta san awonka, tef ɗin da ke rataye a wuyanta na tabbatarwa ne kawai.

Ƙannenta uku ne, duk maza: Direba mai jan motar kaya, Ticha mai koyar da lissafi, sai Auta mai gyaran wuta. Tun da uwarsu ta rasu Yaya ta ɗora wa kanta wani aiki. Duk farkon shekara sai ta ɗinka wa kowannensu riga da wando, kuma ko da wasa ba ta yarda da awon bara. Dole mutum ya zo da ƙafarsa, ya tsaya tsakiyar shago ya ware hannuwa, ta auna wuya da kafaɗa da damtse da ciki, ta rubuta a wani littafi mai baƙin bango. Su yi ta mita, ita kuma ta ce duk wanda ya motsa zai sha allura.

A gidan akwai abin da kowa ya sani amma ba a zama a yi zancensa: mazansu ba sa tsufa. Babansu ya tafi yana da arba'in da bakwai, ƙanin baban bai ma kai haka ba. Kuma hanya ɗaya suke bi. Da farko gajiya, irin wadda barci ba ya maganinta. Sai gindin yatsu biyu, manuni da na tsakiya, ya kama ciwo, har mutum ya fara ɓoye hannu idan an miƙo masa gaisuwa. Daga nan fata ta dushe ta yi toka-toka kamar bayan tsohuwar tukunya, ƙishirwa ta yi yawa, ciki ya kumbura. Asibiti kuwa kowanne da abin da yake rubutawa, an ce wa Baba ciwon suga, an ce wa ƙaninsa zuciya. Uwarsu ce ta yanke magana tun suna yara, ta ce mazan gidan nan jininsu kaɗan ne, da wuri yake ƙarewa. Yaya ta riƙe maganar gam, ba ta taɓa tambayar inda uwar ta samo ta ba.

Littafin nan ne ya fara gaya mata zancen Direba. Shekarar da ya cika arba'in da biyu ta sa masa tef, sai ta ga kafaɗa ta ragu da rabin inci, damtse da inci guda, ciki kuwa ya ƙaru da biyu. Ya yi dariya ya ce tumbin manya ne ya fara fitowa. Ta rage kafaɗar, ta saki cikin, ta yi wa rigar ɗan ninki a gefe yadda ba wanda zai lura. Shekara ta zagayo ta sake ragewa, ta sake saki. Rigar shekara ta huɗu tana rataye a shago aka kai shi makabarta, ko maɓalli ba ta sa mata ba.

Bayan shekara biyu ta auna Ticha, ta rubuta, sai hannunta ya koma baya da kansa ya buɗe shafin Direba. Rabin inci, inci guda, biyu. Ba kusa ba, daidai. Direba dogo ne, Ticha gajere, ko kama ba su yi ba, amma abin da ke cin su da ma'auni ɗaya yake ci. Ta rufe littafin ta ɗora masa dutsen guga. A shekararsa ta ƙarshe Ticha ya yi ta nauyin zuwa, yau ya ce gobe, gobe ya ce jibi. Sai ta ɗauki alli da awonsa na bara, ta rage abin da Direba ya rasa a irin wannan shekara, ta ƙara abin da ya ƙaru, ta yanka. Da ya sa rigar ta zauna masa cif. Ya juya gaban madubi ya ce, "Yaya, ke kam sai Allah." Yana fita ta ja ƙofa ta zauna a ƙasa, ta yi kuka har mai gyaran takalma ya buga bango yana tambayar lafiya.

Auta shi ne daban. Ya cika arba'in yana hawa tsani kamar ɗan ashirin, fuskarsa tana sheƙi, shafinsa a littafin shekara goma lambobi iri ɗaya. Ga surutu, ga tsokana. Abu ɗaya ne ke haɗa shi faɗa da Yaya, shi ne zancen jini.

Yana ɗan shekara ashirin da biyu aka kira shi gyaran fanka a barandar ɗakin haihuwa na wani asibiti. Yana bisa tsani sai wata nas, wadda kowa ke ce wa Sista, ta fito a guje tana neman mai ba da jini, wai wata mata tana zubar da jini a ciki kuma duk danginta ba wanda nasa ya dace. Auta ya sauko ya naɗe hannun riga. Ashe jininsa irin wanda ake iya sa wa kowa ne, kuma masu irinsa ba su da yawa. Tun daga ranar Sista ba ta sake shi ba. Bayan kowane wata huɗu sai ya je ya kwanta a cika jaka guda, a ba shi abin sha mai sanyi, ya koma aikinsa yana fito. Shekara goma sha takwas yana haka.

Yaya sau ɗaya ta gani da idonta. Ta je asibitin duba wata maƙwabciya, ta leƙa wani ɗaki bisa kuskure, sai ga ƙaninta a kwance, ga jaka tana kumbura a gefen gado, ja har ta yi duhu. Gidan da jini ke ƙaranci, ga wannan yana rabarwa a leda kamar ruwan sanyi! Tun daga nan ba su haɗu sun rabu ba ta yi masa faɗa ba. Shi kuwa ko a jikinsa, sai ya ce, "Yaya, ai rijiya ce, ana ɗiba tana kawowa."

Mako guda da binne Ticha, da la'asar, ta kira shi shago ta murɗa makulli.

"Zauna."

"Yaya, lafiya?"

"Ina lafiya? Ku uku ne, yau saura kai. Ni na rufe idon Direba, ni na rufe na Ticha, ba zan rufe naka ba. Ka rantse mini ba za ka sake ba kowa jininka ba."

"Haba Yaya. Ba ki ga ni ne ma mai lafiyar ba?"

"Don ba ka kai ba ne! Ɗan abin da ya rage maka kake zubarwa. Ni na goya ka, ni na yi maka wanka, ban taɓa roƙonka komai ba. Yau ina roƙo."

Sai ta yi abin da bai taɓa gani ba, ta durƙusa a gabansa a kan guntayen yadi ta kama ƙafarsa. Auta ya firgita ya ɗago ta. Ya rantse da Allah sau uku, don ta ce ɗaya bai ishe ta ba.

Daga nan ta shiga cika shi. Ta je kemis ta sayo maganin ƙarin jini, babbar kwalba mai ɗanɗanon tsatsa, ta haɗa kai da matarsa: cokali biyu da safe, biyu da yamma, a kora da ruwan lemo. Hanta kuwa har sai da ya ce ya fara mafarkinta. Sista ta yi ta kira. Wata rana wayar ta yi ƙara a aljihunsa yana tsaye hannuwa a ware, Yaya tana zagaya shi da tef. Bai taɓa aljihun ba. Ya kafe silin da ido har ta tsinke, ta sake shigowa, ta sake tsinkewa. Da Sista ta gaji ta zo shagon da kanta, ta tsaya bakin ƙofa cikin fararen kaya tana ba da haƙuri. Yaya ta nuna ta da almakashi ta ce duk faɗin garin nan ba mai jini sai marayan gidansu? Ta je ta tatsi wasu. Sista ta juya, kuma wayar ba ta sake ƙara ba.

Shekara uku lafiya lau, Yaya tana cewa ai ga shi nan, da ma ta faɗa. A ta huɗu kafaɗa ta ragu da rabin inci.

Ta sake aunawa. Ta ce tef ɗin ne ya saki, ta aika aka sayo sabo, ta sake. Damtse inci guda, ciki biyu. Auta yana kallon samanta, bai tambayi komai ba, ita ma ba ta ɗaga kai ba. Da ya tafi ta zauna ta yi tunaninta, ta yanke cewa shekarun nan goma sha takwas ne suka biyo shi, jinin da ya zubar ne bai gama dawowa ba. Ta kira matarsa ta ce a mai da cokali uku.

Kai, abin tausayi ne kallon mutumin nan a shekarun da suka biyo. Filaya ta fara suɓuce masa, yana murɗa waya sai ya tsaya ya yarfe hannu. Abokan aikinsa suka lura ya koma gaisuwa da ɗaga hannu daga nesa. Tsokana ta ragu, ya fara yawo da gorar ruwa. A shekara ta bakwai da rantsuwar ya zo awo da tsakar rana, an ɗauke wuta, shagon ya yi duhu-duhu sai hasken ƙofa. Ya tsaya ya ware hannuwa. Yaya ta zagaya bayansa za ta auna kafaɗa, idonta ya faɗa kan madubi, sai ta ga Babansu. Ba kama ba ce irin ta ɗa da uba. Launin ne, wannan tokar, da yadda wuya ya zurma cikin riga, da yadda yake riƙe da yatsu biyu a lanƙwashe kamar yana ɓoye wani abu. Tsagar madubin ta raba fuskar gida biyu, kuma dukan ɓangarorin suna kallonta. Ta ji shagon ya cika, kamar Direba da Ticha suna tsaye a jikin bango suna jiran a gama da shi. Tef ɗin ya faɗi daga hannunta.

Auta ya ce, "Ba sai kin wahala ba, Yaya. Ai kin san lambobin."

Ashe ya sani. Ta daka masa tsawa ta ce ya rufe mata baki, ta durƙusa ta ɗauki tef ɗin, amma sau uku tana kallon lambar ba ta iya karantawa ba.

Wata biyu bayan nan zuciyarsa ta yi tsalle yana bisa tsani a wani kanti, jiri ya ɗebe shi ya faɗo. Aka kai shi asibitin nan dai da ya saba. Likitar da ta karɓe shi mace ce siririya mai tabarau, ba ta wuce sa'ar 'yar Yaya ba. Ta duba zuciya, ta danna ciki, sai ta kama hannunsa ta matsa gindin yatsun nan biyu. Auta ya cije leɓe. Ta ɗaga hannun riga ta daɗe tana kallon fatarsa, sannan ta tambaya ko akwai wanda ya taɓa irin wannan a gidansu.

Yaya ta ce, "Duka."

Ta zayyana mata su ɗaya bayan ɗaya, da shekaru, da abin da kowane asibiti ya rubuta. Likitar ta daina rubutu ta zuba mata ido. Ta sa aka ɗebi jini kaɗan don gwaji, Yaya tana mita, aka kuma yi hoton ciki. Bayan kwana huɗu ta kira su ofishinta, Auta a keken marasa lafiya, Yaya a tsaye don ta ƙi zama.

"Mama, jininsa bai yi kaɗan ba. Ƙarfe ne ya yi wa jikinsa yawa."

"Ƙarfe? Ƙusa ya haɗiye?"

Likitar ba ta yi dariya ba. Ta ce a cikin abinci akwai sinadarin ƙarfe ɗan mitsitsi, da shi jiki ke haɗa jan jini. Amma jiki ba shi da hanyar zubar da shi idan ya shiga, ba ta fitsari ba, ba ta gumi ba, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Don haka a bakin ƙofa yake tsaro. Idan ya wadata, hanta ta aika saƙo zuwa hanji a rufe ƙofa. "A gidanku ƙofar ba ta jin saƙon. Kullum ɗan kaɗan yana shiga fiye da buƙata, shekara da shekaru, yana taruwa a hanta, a zuciya, a gaɓoɓi, a fata, har da wurin da ke daidaita suga. Shi ya sa kowane asibiti ya ga nasa ciwon. Ciwo ɗaya ne, kuma gado ne."

Ta ce iri-iri ne. Wani sai mutum ya ɗauko daga uwa da uba duka biyu kafin ya taɓa shi. Nasu kuwa da alama daga gefe ɗaya ma ya isa, duk ɗan da aka haifa ko ya ɗauko ko ya tsira, rabi da rabi. Mata ma suna ɗauka, sai dai jinin al'ada da na haihuwa yana rage musu shi, sai ya makara bai nuna ba.

Yaya ta ce, "To maganin fa?"

"Ɗibar jini. Jaka guda duk mako, har sai ya sauka. Duk jakar da aka cire ta tafi da ƙarfe, jiki kuma ya jawo wanda ya tara ya haɗa sabon jini da shi." Ta jawo wani tsohon kati daga fayil. "Wannan ne ya ɗaure mini kai. Shekara goma sha takwas yana ba da jini, sai ga shi ya tsaya cak. Me ya faru?"

Fanka tana juyawa a samansu, tana ɗan kuka. Auta ya ce, "Aiki ne ya yi mini yawa, likita."

"Ƙarya yake," in ji Yaya. "Ni na hana shi. Ni na sa shi rantsuwa. Kuma shekara bakwai ina ɗura masa maganin ƙarin jini, safe da yamma."

Likitar ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur.

"Ki gaya mini gaskiya, 'yata, ba na son lallashi. Da ban hana shi ba fa?"

Likitar ta dubi Auta, ya ɗaga mata kai alamar ta faɗa. Ta ce, "Da wataƙila ba mu taɓa ganinsa a wannan ɗakin ba, Mama."

A nan Yaya ta zauna. Ba kujera ta nema ba, ƙasa ta samu. Duk rayuwarta ita ce mai gaskiya a gidan, ita ke faɗa a ji. Yau ga yarinya ta gaya mata cewa abu ɗaya da ya tsaya tsakanin ƙaninta da kabari, ita ta sa gwiwa a ƙasa ta roƙa a cire shi. Don kunya da baƙin ciki ta so ƙasa ta tsage.

Washegari aka kai Auta ɗakin ɗibar jini. Sista ta yi ritaya, wata sabuwar nas ce ta ɗaura masa roba a damtse ta ɗauko allura. Sai ya naɗe hannunsa ya rungume a ƙirji.

"A kira mini Yaya."

Tana baranda, ta ce ba za ta iya gani ba. Aka shigo da ita.

"Kaffarar rantsuwa abu ne mai sauƙi, zan yi," in ji shi. "Amma ba Allah kaɗai na yi wa alkawari ba. Ke kika ɗaure, ke za ki kwance."

Ta dubi jakar da ba komai a ciki, ta dubi allurar. Wallahi har a lokacin wani abu a cikinta yana ihu cewa kashe shi za su yi, muryar uwarsu ce sak. Ta haɗiye ta. Ta kama hannunsa ta miƙar da shi da kanta a kan matashi, ta ce wa nas, "Ki ɗiba." Ba ta kau da kai ba har jakar ta cika.

Nas ta ɗaure bakin jakar, ta liƙa takarda, ta jefa ta cikin wani jan bokiti mai murfi. Auta ya ɗago.

"Wa za a ba?"

"Wannan ba a ba kowa, Baba. Hantarka ta taɓu. Ƙonawa ake yi."

Ya mai da kansa kan matashi.

Aka gwada gidan kaf. Cikin 'ya'yan Direba da Ticha da Auta, su goma sha ɗaya, biyar sun ɗauko, aka fara lura da su tun ƙarfen bai yi musu komai ba. Yaya kuwa aka ce ba ta ɗauko ba, ita da 'ya'yanta sun tsira. Mutane suna yi mata barka, ita tana jin kamar zagi. Duk Talata sai ta rufe shago ta raka shi, mako sittin da wani abu, kuma ita ke miƙar da hannun. Kwalaben da suka rage a gidansa ta kwashe ta juye a kwata da hannunta, tana yi tana tsine wa kanta.

Kuma abin ya yi aiki. Zuciyar ta daidaita, tokar ta washe, tsokana ta dawo har ya fara ce mata Babbar Likita. Yatsun dai ba su warke ba, ya bar tsani ya koma gyaran fanka da rediyo a zaune. Hanta ce ta ƙi. Likitar ta faɗa musu tun farko cewa inda ya riga ya zama tabo ba ya komawa, abin da za a iya shi ne a hana shi ci gaba. Auta ya kai hamsin da uku, shekarun da ba namijin gidan da ya taɓa gani. Sannan wani hoto ya nuna ƙari na ciwon daji a jikin tabon, aka ce su koma gida.

Ɗakinsa yana kallon baranda, gadon yana fuskantar ƙofa. Wata Laraba da azahar matarsa ta fita sayen magani, ya rage daga shi sai Yaya. Shekara shida tana ɗauke da maganar, duk lokacin da ta buɗe baki sai ya kawo wasa ya rufe. Yau ba shi da ƙarfin wasa.

"Auta, ka yafe mini."

"Shekara nawa kika ci mini, Yaya? Goma? Ashirin? Na bar miki. Ke kika raine ni, da tsoro kika yi, ba da mugunta ba. Wannan tun a ofishin likita na gama da shi." Ya numfasa. "Wani abu ne ban san yadda zan yi da shi ba."

"Mene ne?"

"Shekara bakwai, jaka uku a shekara. Ashirin da ɗaya ke nan da ban bayar ba. Irin jinina ba a samunsa da sauƙi, kin sani. Ban san ko an samo wa masu buƙata ba."

"An samo. Asibiti guda, a rasa?"

"To." Idonsa yana kan ƙofa. "Kwanan nan suna zuwa mini. Ban san fuskarsu ba, ai ban taɓa ganinsu ba. Layi kawai suke yi daga bakin ƙofa har baranda, kowa hannun rigarsa a naɗe. Akwai mata da yawa. Ba sa cewa komai, Yaya. Jira suke."

Yaya ta juya ta dubi ƙofar. Rana ce tsaka, ba komai a barandar sai igiyar shanya da takalmansa. Duk da haka ba ta koma ta jingina ba. Ta tashi ta ja kujerarta, ƙafafun kujerar suna ƙara a kan siminti, ta kai ta tsakiyar ƙofa ta zauna, ta ba gadon baya, ta cika hanyar da jikinta.

"Yi barcinka," in ji ta. "Ba kai suke nema ba."

Da matarsa ta dawo da ledar magani a nan ta tarar da ita, kuma sai da ta raɓa ta gefe sannan ta samu shiga.